Tarihin Yanka da Ɗinki a Cikin Tsoka

Shekarar 1977 ta zo wa masu binciken halittu da abubuwa uku a nahiyoyi uku, kuma a lokacin babu wanda ya hango alaƙar ɗaya da sauran. A garin Rehovot na Isra'ila, David Yaffe da Ora Saxel na Cibiyar Weizmann sun ciro sel-sel, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da jikin mai rai ya ginu da su, daga tsokar cinyar ɓera da aka ji wa rauni. Suka rene su a faranti, suka samu wani iri mai hayayyafa ba tsayawa, wanda da zarar an rage masa abinci sai ya daina rabuwa, ya narke cikin juna, ya zama zaren tsoka. A Afirka ta Kudu, Peter Jones da abokan aikinsa sun zuba wani maganin sankara mai suna 5-azacytidine a kan sel-sel na ɗan tayin ɓera, waɗanda babu abin da ya haɗa su da tsoka. Bayan 'yan kwanaki sai ga dogayen zaruruwa a farantin, wasu har suna motsi. A Amurka kuwa, ƙungiyoyi biyu da ke nazarin wata ƙwayar cutar mura sun ga wani abu a ƙarƙashin madubin lantarki mai ƙara girman abu, abin da ya rusa fahimtar da aka yi shekaru ana kai game da yadda aka rubuta gado.

Sai da aka shekara talatin da shida kafin waɗannan hanyoyi uku su haɗu a kan amsa ɗaya. Tambayar da suka amsa kuwa tsohuwa ce. Sel ɗin hanta da na fata da na tsoka duk DNA iri ɗaya suke ɗauke da shi, babu ragi babu ƙari. To me ya sa tsoka kaɗai take ƙera furotin na motsi irin su mayosin da aktin na tsoka da turoponin, hanta kuwa ko kusa?

Mu fara da abin da aka gani a Amurka. Kafin 1977, kusan duk abin da aka sani game da ƙwayar gado daga bakteriya aka koyo shi, kuma a can rubutun a jere yake: a kwafi DNA zuwa RNA daga farko zuwa ƙarshe, a karanta RNA a ƙera furotin. Kowa ya ɗauka haka abin yake a jikin ɗan Adam. Sai Phillip Sharp da Susan Berget da Claire Moore a MIT, da kuma Richard Roberts da Louise Chow da Thomas Broker da Richard Gelinas a ɗakin bincike na Cold Spring Harbor, suka ɗauko RNA na ƙwayar cutar murar nan mai suna adeno suka manna shi da DNA ɗin da ya fito daga ciki, don su ga inda suka dace. Ba su dace daga farko zuwa ƙarshe ba. Wasu dogayen sassa na DNA sun lanƙwaso waje ba su da abokin haɗi. Ashe RNA ɗin an harhaɗa shi ne daga gutsattsarin da ke nesa da juna, an yanke abin da ke tsakaninsu an yar.

A 1978 Walter Gilbert na Jami'ar Harvard ya raɗa wa sassan suna: wanda ake ajiyewa ekson, wanda ake yarwa intiron. Ya kuma yi wani hasashe da ya tabbata daga baya, cewa idan har ana yanka ana haɗawa, to ƙwayar gado ɗaya za ta iya haifar da furotin fiye da ɗaya. Aikin tela ke nan: yadi ɗaya ne a gabansa, amma inda almakashi ya bi da abin da allura ta haɗa su ne ke sa a samu riga ko wando. Roberts da Sharp sun karɓi lambar yabo ta Nobel a 1993. Chow, wadda ƙwarewarta a kan madubin ita ce ta fito da hotunan Cold Spring Harbor, ba ta shiga ciki ba, haka ma Berget. An daɗe ana ƙorafi a kan wannan, kuma a ganina ƙorafin yana kan hanya, domin a wannan bincike hoton shi ne hujjar.

Tsoka na daga cikin wuraren farko da aka ga yalwar wannan ɗinki. A 1985 ɗakin binciken Bernardo Nadal-Ginard a Boston ya nuna cewa ƙwayar gadon turoponin T ta tsoka mai saurin motsi tana da ƙananan ekson biyar da za a iya sa kowanne ko a bar shi, da wasu biyu da dole a zaɓi ɗaya a cikinsu. Biyar ɗin suna ba da haɗi 32, biyun su ninka shi, lissafi ya kai siga 64 daga ƙwayar gado guda. A shekarar dai, Thomas Cooper da Charles Ordahl a San Francisco suka ga cewa zuciyar ɗan tayin kaza tana sa ekson na biyar a cikin nata turoponin T, amma zuciyar babbar kaza tana tsallake shi. Wato ɗinkin ba kara-zube ake yin sa ba, yana bin shekaru, yana bin irin gaɓar. A riƙe sunan Cooper, zai sake fitowa.

Duk da haka, a wancan lokaci ana kallon yanka da ɗinki a matsayin gyaran ƙarshe da ake yi wa kayan aikin tsoka bayan an riga an yanke hukuncin cewa wannan sel tsoka zai zama. Shi hukuncin kansa, a wani wuri ake neman sa.

Masu nemansa sun bi sawun gwajin Jones. A 1980 Jones da Shirley Taylor suka nuna cewa maganin nan yana cire wasu alamomin methyl da ke rufe sassan DNA. Harold Weintraub na Cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle ya yi tunanin cewa tunda sel-sel da yawa ne ke rikiɗewa, mai yiwuwa ƙwayar gado ɗaya tak maganin ya buɗe. A 1987 shi da Robert Davis da Andrew Lassar suka kamo ta, suka kira ta MyoD. Da aka cusa ta ita kaɗai cikin sel ɗin da ba na tsoka ba, sai ya koma na tsoka. Furotin ɗin da take ƙerawa irin wanda za mu kira makunni ne: yana hawa kan DNA a wasu gurabe na musamman ya sa a fara kwafar ƙwayoyin gadon da ke kusa. Zuwa 1989 an gano 'yan uwansa uku, myogenin da Myf5 da MRF4, dukansu a tsokar ƙashi ake samun su. Wannan gagarumin aiki ne, kuma shi ya share fagen duk wani yunƙuri na juya sel daga wani iri zuwa wani da aka yi daga baya. Weintraub bai ga yawancin 'ya'yan aikinsa ba. Ciwon dajin ƙwaƙwalwa ya ɗauke shi a 1995 yana da shekara 49.

Nasarar MyoD ta kafa wani tunani mai sauƙin karɓa: kowace gaɓa da nata makunnin, wanda babu shi a ko'ina sai a cikinta. Amma a 1989 ɗin nan ɗakin binciken Eric Olson a Houston ya ci karo da wani makunnin na daban, a kan ƙwayar gadon creatine kinase ta tsoka, suka kira shi MEF2. Da aka bi diddigi sai aka ga gidansu babba ne kuma tsoho, don yana da dangi a cikin yis, yana da su a cikin tsirrai inda suke tsara fitar fure. Dabbobi masu ƙashin baya suna da guda huɗu, A da B da C da D. Muhimmancinsa bai ɓuya ba. A 1995 aka lalata guda ɗayan da ƙudan 'ya'yan itace yake da shi, sai sel-sel ɗin da ya kamata su zama tsoka suka tsaya a gurabensu suka kasa ƙarasawa. A shekarar kuma aka nuna cewa MEF2 da MyoD suna riƙe hannun juna a kan DNA, kowanne yana ƙara wa ɗan uwansa ƙarfi. A 1997 aka cire MEF2C daga ɓera, zuciyar ɗan tayin ta kasa ginuwa daidai, ya mutu a ciki.

Abin da ya ɗaure kai shi ne MEF2 ba na tsoka kaɗai ba ne. Yana cikin ƙwaƙwalwa, yana cikin fararen ƙwayoyin jini, MEF2D kuwa da wuya a duba wata gaɓa a rasa shi. Har a cikin sel-sel na tsoka da ba su nuna ba, waɗanda ke ta rabuwa, yana nan zaune. Yaya za a yi abin da ke ko'ina ya yi aikin da ba a yi sai a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya?

Bakin zaren ya bayyana tun 1994. James Martin da Olson da abokansu suka wallafa cewa ƙwayar gadon MEF2D tana da ekson biyu maƙwabtan juna, da ake kira alfa 1 da alfa 2, waɗanda ba a taɓa haɗa su a ɗinki ɗaya. Ko'ina a jiki alfa 1 ake sawa. Alfa 2 kuwa a tsoka ake samun sa, kuma yana bayyana ne daidai lokacin da sel-sel suka fara haɗewa. An rubuta wannan, an karanta, an wuce. Hankalin masu bincike ya koma kan wasu hanyoyin da su ma gaskiya ne: yadda wasu furotin da ake kira HDAC ke maƙale wa MEF2 su danne shi, abin da aka fayyace a wajajen 1999 da 2000, da yadda saƙon kalsiyam ke korar su daga cibiyar sel. A 2005 ɗakin binciken Tod Gulick ya nuna cewa wani ɗan guntun ekson mai suna beta, wanda bai kai tubalan furotin goma ba, yana ninka ƙarfin MEF2 a tsoka da ƙwaƙwalwa. Amma batun alfa ya ci gaba da kwanciya. A nawa ra'ayi, ba rashin kayan aiki kaɗai ya jawo haka ba. An saba da tambayar ko ƙwayar gado a kunne take ko a kashe, har aka manta da tambayar wace siga ce ta fito daga cikinta. Yawancin gwaje-gwajen lokacin ma ba sa bambance sigogin biyu, duk MEF2D suke gani.

Marasa lafiya ne suka tilasta aka ɗauki ɗinki da muhimmanci. Akwai wata cutar gado da likitan Jamus Hans Steinert ya bayyana a 1909: mutum ya damƙi abu ya kasa sakin hannu da wuri, tsoka ta riƙa ramewa, bugun zuciya ya rikice, yanar ido ta zo da wuri, jiki ya ƙi jin insulin. A 1992 aka gano tushenta a kan kuromosom na 19, inda haruffa uku, CTG, ke maimaita kansu. Mai lafiya yana da maimaici tsakanin 5 da 37, mai cutar kuwa daga 50 har zuwa dubbai. Cutar ba ta da yawa a Afirka kudu da Sahara, shi ya sa wani rahoto na 1995 a kan wani iyali ɗan Najeriya da ke ɗauke da ita ya ja hankalin masana gado. Abin mamaki, maimaicin yana wani sashe ne da ba a ƙera furotin da shi. To ina ɓarnar take fitowa?

Cooper, wanda a lokacin ya koma Kwalejin Likitanci ta Baylor a Houston, ya komo kan ekson ɗin nan na biyar. A 1998 shi da Anne Philips da Lubov Timchenko suka nuna cewa zuciyar manya masu cutar tana ɗinka turoponin T irin na ɗan tayi. A 2000 ɗakin binciken Maurice Swanson a Florida ya gano cewa dogon RNA mai maimaicin yana tattara wasu furotin masu kula da ɗinki, da ake kira MBNL, ya riƙe su a dunƙule a cibiyar sel, su kasa zuwa bakin aiki. A 2001 aka danganta ƙin jin insulin da kuskuren ɗinkin makarɓar insulin, a 2002 kuma ɗakunan binciken Cooper da Charles Thornton suka nuna cewa ƙagewar hannun daga kuskuren ɗinkin wata ƙofar gishirin kuloraid take. Ga cuta mai taɓa gaɓoɓi da yawa, alhali ƙwayoyin gadon da abin ya shafa lafiyarsu ƙalau. Ɗinkin ne ya koma na jarirai a jikin babba. Daga baya aka ga cewa sigogin MEF2 ma suna cikin waɗanda suka karkace a tsokar waɗannan bayin Allah.

Ana cikin haka aka kammala karanta DNA na ɗan Adam, aka tarar ƙwayoyin gadon da ke ƙera furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, ƙasa ƙwarai da yadda aka zata. A 2008 ƙungiyoyin Christopher Burge da Benjamin Blencowe suka nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ekson da yawa ana ɗinka su ta hanya fiye da ɗaya. Abin da ake ɗauka ƙari ne ashe shi ne ƙa'ida.

A 2013 ne Soji Sebastian da Jeffrey Dilworth da abokansu a Cibiyar Bincike ta Asibitin Ottawa a Kanada suka koma kan tambayar da aka bari tun 1994, suka wallafa amsar a mujallar Genes and Development. Sun yi aiki da sel-sel na C2C12, jikokin waɗanda Yaffe ya rena, da kuma tsokar ɓera mai warkewa daga rauni. Da farko suka duba ko sigogin biyu gurabe daban-daban suke hawa a kan DNA, wanda shi ne abin da kowa zai fara zato. Ba haka ba ne: galibi wurare ɗaya suke zama. Amma alfa 2 ne kaɗai ke iya kunna ƙwayoyin gadon da tsoka ke buƙata a matakin ƙarshe na nuna. Alfa 1 ma ja da baya yake yi da aikin.

Dalilin ya kasance a fili da zarar an gan shi. Akwai wani sinadari a cikin sel mai suna PKA da ke liƙa wa furotin ƙwayar fosfet, kuma tun 2008 ɗakin binciken John McDermott a Toronto ya nuna cewa idan ya liƙa wa MEF2D, ginin tsoka yana tsayawa. Sigar alfa 1 tana karɓar wannan fosfet, kuma da ta karɓa sai masu dannewa su taru a kanta, ƙwayar gadon da take zaune a kai ta kasance a rufe. Sigar alfa 2 kuwa, saboda an musanya mata wannan yanki, PKA ba ya samun inda zai kama ta. Sai ta janyo wani furotin mai suna Ash2L, wanda ke cikin rukunin masu sa alamar buɗewa a kan dunƙulen da DNA ke naɗe a jikinsa, kwafa ta kankama. Don haka sel bai buƙaci sabon makunni ba, bai kuma buƙaci ya kashe PKA da yake amfani da shi a wasu ayyuka ba. Ya sauya ekson ɗaya ne kawai, makunnin da ke ko'ina ya zama na tsoka, a daidai sa'ar da ake buƙatarsa. A iya sanina da wannan fanni, da wuya a samu bayani mai tsafta kamar wannan, kuma yana da kyau a lura cewa kusan kowane ɓangarensa an san shi a warwatse shekaru kafin a haɗa.

Saura a san wanda ke riƙe da almakashin. A 2014 Ravi Singh a ɗakin binciken Cooper ya nuna cewa wani furotin mai suna Rbfox2, mai hawa kan RNA duk inda ya ga jerin haruffa UGCAUG, shi ne ke tura ɗinkin MEF2D zuwa alfa 2. Da aka rage shi, sel-sel suka kasa haɗewa su zama zare. Ba MEF2D kaɗai yake taɓawa ba. A lokaci guda yana sauya ɗinkin wata ƙwayar gado mai suna Rock2, kuma sai da aka gyara ɓangarorin biyu tare haɗewar ta dawo. A 2015 Valeria Runfola da Davide Gabellini a Milan ta Italiya, tare da mutanen Ottawa, suka tabbatar da hannun Rbfox1 da Rbfox2 a wannan sauyi.

Daga nan labarin ya koma asibiti. Akwai wata sankara da ta fi kama yara, wadda sel-sel ɗinta suka fara tafiyar zama tsoka, suna ma ɗauke da MyoD, amma suka ƙi ƙarasawa suka ci gaba da rabuwa. A 2015 ɗakin binciken Judith Davie a jihar Illinois ya nuna cewa waɗannan sel-sel suna maƙale da sigar alfa 1 ta MEF2C, kuma da aka ba su alfa 2 a faranti sai suka fara nuna, saurin rabuwarsu ya ragu. A 2016 ƙungiyar Yibin Wang a Los Angeles ta ba da rahoton cewa a zuciyar da ke gazawa Rbfox1 yana raguwa, ɗinkin MEF2 ya koma irin na ɗan tayi, kuma mayar da Rbfox1 ya kare zuciyar ɓeraye daga lalacewa. Waɗannan sakamako ne na faranti da na ɓera, kada mai karatu ya ɗauke su magani.

Amma dabarar shiga tsakanin almakashi da RNA ta riga ta isa ga mutane ta wasu ƙofofin. Ana ƙera ɗan guntun zare da zai manne a daidai wurin da ake so, ya rufe shi, ya tilasta a tsallake wani ekson ko a sa shi. Tun 2007 ɗakin binciken Thornton ya gyara ɗinkin ƙofar kuloraid da irin wannan zare a cikin ɓeraye, ƙagewar tsokar ta gushe. A watan Satumba na 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da eteplirsen, mai sa a tsallake ekson na 51 daga cikin 79 na ƙwayar gadon distirofin, don wani rukuni na yara maza masu cutar Duchenne, ko da yake an yi zazzafar muhawara a kan ƙarfin hujjarsa. A watan Disamba na shekarar ta amince da nusinersen, wanda ya fito daga aikin Adrian Krainer tare da kamfanin Ionis, don yara da manya masu cutar da ke kashe jijiyoyin laka masu motsa tsoka. Wannan kam amfaninsa ya fito fili, yaran da a da ba sa iya zama sun zauna. Farashin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala 750,000 ne a shekarar farko, sannan dala 375,000 kowace shekara bayan haka. Ilimin da ya haife shi an tara shi ne a jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasashe da dama, yawancinsa da kuɗin jama'a, kuma a wannan farashi mafi yawan yaran duniya da ke buƙatarsa ba za su same shi ba.